Za mu iya fara jiyokashin a hanyoyin da muke bi da keke?

Mai Keke Badariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shawara kan fitarmu ta ranar Asabar. Akwai wasan da masu keke da masu hawan dutse ke yi a ƙasashe da yawa, ana ce masa jiyokashin. Mutum zai sami 'yar roba mai murfi, ya sa takarda da fensir a ciki, ya ɓoye ta a gefen hanya, ko a tsagar dutse ko a kogon itace. Sai ya ɗauki lambobin wurin da GPS ɗin wayarsa ya sa a shafin geocaching.com. Wani ya ga lambobin, ya bi su har ya gano robar, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita yadda ya same ta. In akwai 'yan tarkace a ciki, kamar maɓalli ko zoben makulli, yana iya ɗaukar ɗaya ya ajiye wani wanda bai gaza shi daraja ba. An ce akwai irin waɗannan fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Na buɗe taswirar na duba wajenmu, fayau take. Me zai hana mu fara? Matasan da ke biyo mu sau ɗaya su ɓace, ina ganin wannan zai riƙe su.

Ɗan Kabi: Wa alaikumussalam. To wanda ya gano me zai samu? Kuɗi?

Mai Keke Badariya: Babu ko kwabo. Sunanka a takarda, da wurin da ka gani wanda da ba za ka taɓa zuwa ba.

Ɗan Kabi: Na gane. Ina ciki, amma bari mu ji manya.

Baban Ummi: Ɗana, na karanta har ƙarshe. Tambaya guda gare ni. In mai gona yaz zo ya ishe roba ɓoye ƙarƙashin dutse bakin gonatai, da takarda ciki da rubutu da sunayen mutane, mi kake zaton zai ce? Sihiri anka yi mai. Ba zai tsaya tambaya ba, gidan hakimi zai nufa da ita, kuma duk wanda anka gani da keke wajen nan ranar shi ne mai laifi. Kun manta inda muke zaune?

Mai Keke Badariya: Allah ya ja kwana Baba, gaskiya ne. Amma dokar wasan da kanta ta hana binnewa. Ba a haƙa rami ko kaɗan, kuma sai da izinin mai wuri.

Baban Ummi: Binnewa da ɓoyewa, ga wanda yat tsinta duk ɗaya ne.

Ɗan Gusau: Ni maganar sihiri ma ba ita ta fi damuna ba. Ku a Birnin Kebbi kuna da ɗan sauƙi. Mu nan, mutum ya tsaya bayan gari yana duba waya, yana taku yana komawa, yana leƙen ƙarƙashin duwatsu, wallahi kafin ya ɗago kai askarawa ko 'yan sa-kai sun kewaye shi. Ba su da laifi, don da yawa daga ɓarnar da anka yi wa ƙauyukanmu da hannun infoma anka yi ta. Ka tuna a watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya gaba ɗaya a Zamfara saboda wannan. Kuma tun da aka fara samun abin fashewa a hanyar Dansadau, duk wani gwangwani da aka gani a gefen hanya ba a yi masa kallon wasa. Ni ina son Dutsen Kwatarkwashi kamar raina, tun ina yaro nake hawansa. Amma ba zan sa lambobinsa a shafin da duk duniya ke gani ba, wani baƙo ya taso daga Abuja ko wata ƙasa bai san halin da hanya ke ciki ba, ya faɗa hannun da ba na ƙwarai ba. Alhakinsa a wuyan wa?

Malamar Jogirafi: Sannunku. Ina bin maganar tun ɗazu. Abin da Ɗan Gusau ya faɗa mai nauyi ne, kuma ban ga abin musu a ciki ba. Sai dai kada mu yar da abin gaba ɗaya. Ɗalibaina na aji biyar suna haddace latitud da lonjitud su rubuta a jarrabawa, amma in ka ba su lambobi ka ce su je wurin, sai su tsaya suna kallonka. Na taɓa ɓoye 'yan robobi a cikin harabar makaranta, da izinin shugabar makaranta, na raba su rukuni-rukuni da waya ɗaya a hannun kowace shugabar rukuni. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ita ta lura cewa in suka yi arewa lambar farko ce ke hawa, in suka yi gabas ta biyu. Ta tsaya a gindin dalbejiya tana juya wayar tana gaya wa sauran. Tun daga ranar ba ta sake rikita su ba.

Baban Ummi: Wanga daban ne Malama. Cikin katanga ne, kuma kowa ya san da shi.

Malamar Jogirafi: To ai nan nake so mu zo, Baba. Abin da ya raba su shi ne sanin mutane.

Safiyo: Bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don akwai abin da in ba a gane shi ba za a yi ta wahala a rana a banza. Na farko, GPS ba ya buƙatar data ko sabis. Taurarin ɗan'adam ɗin suna can sama da kilomita 20,000, suna aiko da sigina, wayarka saurare kawai take yi. In ta kama guda 4 ko fiye ta san inda take. Data ana buƙatarta ne don sauke taswira, kuma ana iya saukewa tun daga gida da manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps. Na biyu, waya mai kyau a fili tana kuskuren kamar mita 5. A gindin babban dutse ko ƙarƙashin itatuwa masu duhu abin ya fi haka, don siginar tana bugun dutsen ta dawo. Wanda ya ɓoye da kuskurensa, mai nema da nasa, sai ka ga ya zama mita 10. Shi ya sa in ka kusa, sai ka sa waya a aljihu ka yi aiki da ido.

Na uku shi ne inda mutane suka fi faɗawa. Shafin yana rubuta lambobi da digiri da minti, misali N 12° 27.000, ita kuwa Google Maps ta fi nuna digiri da ɗigo, 12.45. Wuri ɗaya ne. Amma in mutum ya ga 12.45 ya shigar da shi a matsayin digiri 12 da minti 45, ya kauce da minti 18, kuma kowane minti ɗaya kusan kilomita 1.85 ne. Lissafa ka gani, ya wuce kilomita 33. Kana neman abu a Birnin Kebbi, waya tana tura ka can arewa cikin daji. Kuma kada wanda ya ɗauko lambobi daga tsohuwar taswirar safiyo ta takarda, yawancinsu a kan ma'aunin Minna aka yi su, wasan kuwa da ma'aunin GPS mai suna WGS84 yake aiki, akwai tazarar gomman mitoci tsakaninsu.

Ɗan Kabi: Injiniya, to da can ba waya, ya ake yi?

Safiyo: Da na'urar GPS ta hannu. Wasan ma bai yiwu ba sai a shekara ta 2000. Kafin nan gwamnatin Amurka da gangan take dagula siginar da farar hula ke samu, kuskure ya kan kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, zamanin Bill Clinton, aka cire wannan dagulawar. Ranar 3 ga wata wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littafin sa hannu da fensir da 'yan kayayyaki, ya sa lambobin a intanet don a gwada ko sabon daidaiton gaskiya ne. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da ɓoyo 75.

Baban Ummi: Ka ji ko. Baƙin bokiti cikin daji. Can ƙasarsu ke nan. Aje baƙin bokiti bayan Ambursa ka ga abin da za a yi.

Kawu Mai Faci: Ni dai abin da na sani shi ne taya. Duk wanda zai bar hanya ya shiga ciyawa neman roba, ya san tsidau na jiransa. Bayan damina kekunan da ake kawo mini, tayar gaba sai ka ƙirga ƙaya goma a jiki. Ku jingine keke a kan hanya ku ƙarasa da ƙafa, mutum ɗaya ya tsaya gadi. Kowa ya riƙe famfo da gam da faci da tif guda na ajiya. Kuma don Allah kada wanda ya zura hannu a tsagar dutse bai sa sanda ba tukuna. Kunama na nan, kububuwa na nan, kuma ita kububuwa launinta ɗaya da ƙasa, sai ka taka ta ba ka gani ba. Wanda zai ɓoye abu ma ya ji tsoron Allah, kada ya sa shi inda sai an cusa hannu cikin duhu.

Mai Keke Badariya: Kawu na gode, wannan za mu sa shi cikin sharuɗɗa. Amma ina so in koma kan maganar Baba da Ɗan Gusau, don ita ce gaba. Na sake karanta ƙa'idojin shafin. Ba ka ɓoyewa ka wallafa kai tsaye, akwai masu dubawa na sa-kai da sai sun amince. Ba sa yarda da wuri kusa da barikin soja, ko filin jirgi, ko makaranta, ko gada da madatsar ruwa, duk inda mai nema zai jawo zargi. Ke nan wajen Dukku, ko da tsaunin na da kyau, kusa da bariki ya fita daga lissafi. Dole tsakanin ɓoyo da ɓoyo a sami mita 161. Ba a sa abinci, ba a sa wuƙa ko ashana ko magani. Kuma wanda ya ɓoye shi ke da alhakin kula da shi, shi ya sa ba sa son ka ajiye a garin da ba ka zaune.

Ɗan Gusau: Mai dubawan nan yana ina? Shin ya san bambancin hanyar Argungu da hanyar Dansadau? Taswira kawai yake gani. Ba zai san wace gona ce ake rikici a kanta ba, ba zai san wane burtali ne ba a bi bayan la'asar ba. Amincewarsa ba ta tsare kowa.

Safiyo: Nan na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Kuma ka ƙara da wannan: duk wanda ke yankin Anka da Bukkuyum kada ya kusanci tsofaffin ramukan zinariya ko inda aka niƙa dutse. Gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 daga irin ƙurar nan ta fito. Wasan da ke sa mutum laluben ƙasa da hannu ba na wajen nan ba ne.

Ɗan Zuru: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Mu duwatsu kam Allah ya ba mu, amma ba kowane dutse ake hawa haka kawai ba. Akwai wuraren da mutanenmu ke girmamawa, kamar Girmace, akwai kuma tsofaffin kufai a kan tudu da kaburburan kakanni. Baƙo zai ga tarin duwatsu ya ce ga wurin ɓoyo mai kyau, alhali kabari ne. Ko Musulmi ko Kirista a cikinmu ba zai ji daɗin a ɗaga dutsen kabarin kakansa a cusa roba ba. In za a yi a wajenmu sai ɗan gari ya shige gaba, shi ma sai ya tambayi dattawa. Kuma hanyoyin da ke fita wajen Danko-Wasagu, kun san halin da ake ciki, ba na yawon keke ba ne yanzu.

Malamar Jogirafi: Akwai nau'in da ba a ajiye komai, EarthCache. An fara shi a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Lambobin za su kai ka wurin da ƙasa ke da abin koyarwa, sai ka amsa tambayoyin da ba za ka iya ba sai ka tsaya a wurin da ƙafarka. Mu kuwa muna da darasi a shimfiɗe. Tsaunukan da ke kewaye da Birnin Kebbi da Gwandu kansu a baje yake, don marmara mai ƙarfe ce ta rufe saman, ta hana ruwa cinye yashi da yumɓun da ke ƙasa. Je ka tsaya a bakin kwazazzabo bayan ruwan sama, za ka ga ja a sama, fari-fari da ruwan ƙasa a ƙasa, layi-layi, in ka murza na ƙasan da yatsa sai ya ruguje. Kwatarkwashi kuwa dutse ne sukutum mai tauri, na tsohon ginshiƙin ƙasa, ya tsaya ne bayan abin da ke kewaye da shi ya zaizaye. Yaron da ya taɓa waɗannan biyun da hannunsa ya gama fahimtar babi guda. Ba roba, ba takarda, ba abin da wani zai tsinta ya tsorata.

Ɗan Kabi: Malama, to ina daɗin? Ni abin da ya ja ni shi ne in nema in gano.

Malamar Jogirafi: Ban ce a bar wancan ba, ƙanena. Na ce akwai wuraren da wannan ne kaɗai ya dace.

Ɗan Gusau: Ko shi ɗin, in an wallafa, baƙo zai iya tasowa. Matsalata ba ta kau ba.

Mai Keke Badariya: To ga abin da nake gani, ku gyara mini. Kada mu wallafa komai a shafin duniya yanzu. Su ma masu shafin suna ba da shawarar mutum ya gano kamar 20 kafin ya ɓoye nasa, mu kuwa ba mu da inda za mu gano su. Mu fara namu a cikin wannan zauren, lambobi ba sa fita waje. Wuri kuma ya zama inda akwai mai shi kuma ya sani: lambun wani daga cikinmu a fadama, ko gindin mangwaron mai shayin da muke tsayawa wajensa, ko bayan rumfar Kawu. Roba ta zama garai-garai wadda ake ganin cikinta, a rubuta a jiki da boko da ajami cewa wasa ne, kada a ɗauke, da sunan mai unguwar da ya sani. Kafin a ajiye, mu je mu biyu ko uku mu gaida mai unguwa, mu buɗe robar a gabansa, mu nuna wa shugaban 'yan banga.

Baban Ummi: Yanzu kaz zo. In mai unguwa ya gani da idonai, ya taɓa ta, magana ta ƙare. Amma ku ƙara da yaran unguwa da masu kiwo. Su ne za su fara ganinta, ko kun so ko ba ku so ba. In kunka ɓoye musu, sun ɗauke ta ranar. In kunka ce su ne masu gadi, ko kai ka zo ɗauka sai sun tambaye ka.

Safiyo: A can ƙasashen ana koya wa mai nema ya yi a ɓoye kada waɗanda ba sa wasan su gan shi. Mu akasin haka za mu yi. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka fara dube-dube. Ni in na je awo ƙauye, ko da takardar ofis a hannuna ba na kafa na'ura sai na gaida masu gari.

Ɗan Kabi: Wata tambaya, kada a ce na cika. Ɗaukar abin da ke ciki bai zama tsintuwa ba? Kuma ba caca ba ce?

Baban Ummi: Tsintuwa abin da ya ɓace ma mai shi ne. Wanga mai shi ya aje da niyyar a ɗauka a musanya. Caca kuwa sai an sa kuɗi wani ya ci wani. Kada dai ku fara cewa kowa ya kawo ɗari biyar wanda yar riga ya kwashe. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminku, ko ka sa hannu kawai ka bar kayan.

Kawu Mai Faci: Robar ma a zaɓa. Ta man shafawa ko ta yaji ba ta yi, ƙanshi na kiran ɓera da tururuwa, awaki ma sai sun tauna. Mai laushi kuma rana na fasa ta kafin bazara ta fita. A nemi mai kauri mai murfin murɗawa, a sa takardar cikin leda, a ajiye a inuwa sama da inda ruwa ke bi. Fensir za a sa, biro na bushewa. Kada a sa kwali, gara ba ta barin sa.

Malamar Jogirafi: Lokaci fa? Watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a nan.

Mai Keke Badariya: Bayan sallar asuba, mu dawo kafin hantsi ya yi zafi. Da damina fadama ba ta biyuwa, sai mu koma kan tudu. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu shi ne lokacin da ya fi. A shafin suna auna wahalar nema da wahalar hanya daga 1 zuwa 5, mu ma mu ara, mu fara da 1 ko 2 yadda yara da iyayenmu za su iya. Ba mai fita shi kaɗai, kuma a bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin dawowa.

Malamar Jogirafi: A sa guda biyu a cikin gari inda mata za su iya zuwa da ƙafa. Ba dukanmu ke hawa keke ba, kuma iyayen ɗalibaina ba za su bar su bayan gari ba.

Ɗan Zuru: Ni zan fara magana da dattawan unguwarmu tukuna. In sun yarda zan kawo wuri ɗaya kusa da gari. In ba su yarda ba, ba zan matsa ba.

Ɗan Gusau: Ni har yanzu ban gamsu da a yi shi a wajenmu ba, ko a cikin zaure ne. Lambobi in sun shiga waya goma, ba ka san ta goma sha ɗaya ba. Ku fara a Kebbi, ina kallo. In na zo Birnin Kebbi zan bi ku in gani da idona. Na Kwatarkwashi kuwa a bar shi sai hanya ta yi lafiya, Allah ya kawo mana lokacin.

Baban Ummi: Amin. Ni zan kai ku wajen mai unguwarmu ranar Alhamis bayan la'asar. Ku taho da robar, kada ku zo da waya kaɗai.

Safiyo: Zan ɗauki lambobin da na'urar aiki, in maimaita awo a lokuta daban-daban in fitar da matsakaici, sai mu gwada da wayoyinku mu ga tazarar kowa. Wanda bai sauke taswira ba ya sauke kafin Asabar, ya kuma saita ta a kan digiri da minti.

Kawu Mai Faci: Wanda tayarsa ta sude ya kawo ta Juma'a da safe, ba na buɗewa bayan masallaci.

Mai Keke Badariya: Malama, rubutun ajamin da za a liƙa a jikin robar, za ki iya samo mana wanda hannunsa ke da kyau?

Malamar Jogirafi: Malamin Islamiyyarmu zai rubuta. Turo mini kalmomin yau da dare in kai masa gobe.